Idan Burauza Ta Ƙi Karɓar Sabuntawa: Yadda Za Ka Gano Inda Ta Maƙale Ka Gyara

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kai wa masu gyara a titin Ahmadu Bello ko kewayen Taminus a Jos, da kukan cewa Chrome ko Firefox ta ƙi karɓar sabuntawa, ba sa buƙatar fomatin, ba sa ma buƙatar a cire burauzar. Abin da ya tsaya mata a gaba sau tari bai taka kara ya karya ba: agogon kwamfuta ya koma wata shekara can baya, ko ma'adana ta cika maƙil, ko datar da ke kan layin ta WhatsApp ce kawai. Inda ake samun tangarɗa shi ne fara gyara daga ƙarshe. Sai a goge komai, a rasa kalmomin sirri da shafukan da aka adana shekara da shekaru, a sake girkawa, bayan wata guda abin ya dawo, saboda ba a taɓa tushensa ba.

Barin ta haka nan ma ba mafita ba ne. A 2021 Chrome ta koma fitar da babbar siga duk mako huɗu, abin da Firefox ta riga ta fara tun 2020, a tsakani kuma akwai ƙananan gyare-gyare na toshe kafar ɓarayin intanet. Wanda ya yi wata shida bai sabunta ba, da ƙofa a buɗe yake shiga shafin bankinsa. Sannu a hankali wasu shafukan ma su fara ƙin buɗewa daidai, kuma ba za ka ankara ba sai ranar da kake sauri ka biya kuɗin makaranta ta Remita ko ka cike fam ɗin JAMB.

Zango huɗu

Sabuntawa zango huɗu take ci. Da farko wata 'yar manhaja da ke aiki a bayan fage tana tuntuɓar manyan kwamfutocin kamfanin, wato saba, ta tambaya ko akwai sabuwar siga. Sai ta sauke ta. Sai ta warware ƙunshin ta rubuta shi a foldar burauza. Zango na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne musanya tsohon fayil da sabo, kuma wannan ba ya yiwuwa muddin burauzar tana buɗe. Duk aikin da ke gabanka shi ne gano zangon da motar ta tsaya.

Burauzar da kanta tana faɗa, in an saurare ta. A Chrome rubuta chrome://settings/help a gurbin adireshi, a Edge, burauzar Microsoft, kuma edge://settings/help. A Firefox shiga menu, ka danna "Help", sannan "About Firefox". Ka kwafe saƙon a takarda ko ka ɗauki hotonsa da waya, har da lambobin. A Chrome, kuskure mai lamba 3 ko 11 yana nufin ba a kai ga saba ba. Lamba 4 ko 10, 'yar manhajar binciken ce ta kasa tashi. Lamba 7 ko 12, an ga sabuwar siga amma saukewar ta karye. Sau da yawa akwai wata doguwar lamba a gefe mai farawa da 0x, wadda ta Windows ce, kuma ta fi bayar da haske: 0x80070070 ma'adana ta cika, 0x80070005 an hana izinin rubutu, 0x80072EE7 an kasa gano adireshin saba, 0x80072EE2 an jira amsa har lokaci ya ƙure, 0x80072F8F amintacciyar haɗuwa ta ƙi ƙulluwa, wanda galibi aikin agogo ne, 0x80070422 kuma an kashe wani ma'aikacin bayan fage, wato manhajar da ke aiki a ɓoye cikin Windows.

Ka fara killace kayanka

Minti biyar ne, kada ka tsallake. A Chrome da Edge danna Ctrl da Shift da O tare, jerin shafukan da ka adana zai buɗe, ka danna ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi fitar da su, za ka samu fayil guda na HTML. Kalmomin sirri na Chrome suna chrome://password-manager/settings, wurin "Export passwords". Amma ka sani fayil ɗin da zai fito a buɗe yake tsirara, duk wanda ya samu zai karanta komai da Excel. Ka ajiye shi a filash ɗinka, ba a kwamfutar shago ba, in ka gama kuma ka goge shi.

Wanda ke son cikakken kwafi sai ya rufe burauzar, ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta %LOCALAPPDATA%\Google\Chrome ya kwafe foldar "User Data". Ta Firefox tana %APPDATA%\Mozilla\Firefox\Profiles. A cikinta places.sqlite ne ke riƙe da tarihi da shafukan da aka adana, logins.json da key4.db kuma su ne kalmomin sirri, kuma tare suke tafiya, ɗaya ba ya amfani ba tare da ɗayan ba. Kalmomin sirrin Chrome kuwa a ɗaure suke da asusun Windows ɗin da aka yi su a kai, don haka kwafe folda kaɗai ba zai dawo da su ba bayan fomatin.

Tambayar da ke kashe magana: wane Windows ne?

Danna Windows da R, rubuta winver. Idan Windows 7 ne, ko 8, ko 8.1, ka daina wahalar da kanka. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe a kansu, haka Edge 109. Firefox ta tsaya a siga ta 115 ESR, wato sigar da ake daɗewa ana kula da ita, wadda Mozilla ta yi ta tsawaita wa kwana da gyaran tsaro kawai. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da alkawarin zai ɗora maka sabuwar Chrome a kan Windows 7, ko bai sani ba ne, ko wata manhajar da ba a san asalinta ba zai saka maka. Maganin shi ne canza Windows ɗin, in injin zai ɗauka. Shi ma Windows 10 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai burauzoci ba su yanke shi a ranar ba. Microsoft ta ce Edge za ta ci gaba da samun sabuntawa a kan siga ta 22H2 har aƙalla Oktoban 2028.

Akwai kuma ƙananan laftof da ke zuwa da Windows mai "S mode", wanda ba ya karɓar komai sai daga Microsoft Store. Chrome ba za ta shiga ba sai an fita daga wannan yanayin, fitar kyauta ce amma ba a komawa.

Agogo

Kalli kusurwar allo ta ƙasa a dama. Ranar daidai take? Shekarar fa? Kafin burauza ta amince da saba sai ta duba takardar shaidarsa, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwamfutarka tana ganin ana 2012 ne, a wurinta takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi. Alamar da ke tafe da wannan ita ce shafuka su riƙa cewa haɗuwarka ba amintacciya ba ce.

Shiga Settings, "Time & language", "Date & time". Saita yankin lokaci zuwa "West Central Africa", wato UTC+01:00, domin kwamfutocin tokumbo sukan zo da lokacin Amurka ko Ingila. Kunna saita lokaci kai tsaye ka danna "Sync now". Idan ka gyara yau, gobe bayan an ɗauke wuta agogon ya sake komawa baya, batirin da ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, shi ne ya mutu. Ɗan zagaye ne kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, ana samunsa wurin masu gyaran agogo. A kwamfutar tebur cire shi a mayar da sabo ba ya cin minti biyu. A laftof sau da yawa yana naɗe da leda da 'yar waya mai soket, sai an kwance bayanta, nan gara a kai wa mai gyara.

Hanyar da saƙon ke bi

Nan ne lamba 3, 7, 11 da 12 suka fi fitowa, nan kuma yanayin intanet ɗinmu ya fi yin tasiri, don haka za mu ɗan daɗe.

Fara da tabbatar da irin datar. Datar soshiyal tana buɗe WhatsApp da Facebook, sai mutum ya rantse yana da intanet, alhali ba za ta kai ga sabar Google ba. Gwada buɗe wani shafin labarai da ba ka taɓa shiga ba. Idan waifai na otal ko na makaranta ne, tabbatar ka wuce shafin shiga mai neman lamba.

Na biyu, Windows yana da abin da yake kira "Metered connection", wato layin da ake tsimin data a kansa. Idan ya ɗauki layinka a haka, saukewar bayan fage takan tsaya jiran layin da ba na tsimi ba, wanda ga mai amfani da hotsifot na waya ba zai taɓa zuwa ba. Shiga Settings, "Network & internet", danna sunan waifai ɗin, ka kashe wannan maɓallin na ɗan lokaci. Edge tana da nata a shafin edge://settings/help, na yarda a sauke sabuntawa a kan irin wannan layin. Ka tuna ka sake kunna "Metered connection" in ka gama, in ba haka ba Windows Update zai shanye maka datar wata a dare ɗaya.

Na uku, furoksi, wato adireshin tsakiya da ake sa kwamfuta ta bi kafin ta kai ga intanet. Manhajojin VPN na kyauta da na "burauzin kyauta" da ɗalibai ke yawo da su a filash sukan saita kwamfuta ta bi ta wani adireshi na cikin gida irin 127.0.0.1, kuma ko an cire manhajar saitin yana nan zaune. A Settings, "Network & internet", "Proxy", kashe "Use a proxy server". Wannan bai isa ba, domin ma'aikatan bayan fage suna da nasu saitin daban. Nemo cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a menu na Start, danna ɓangaren dama na maus, zaɓi "Run as administrator", ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter:

netsh winhttp reset proxy
ipconfig /flushdns
netsh winsock reset

Na ƙarshen yana buƙatar a sake kunna kwamfuta.

Na huɗu, fayil ɗin hosts, wanda ke haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, a C:\Windows\System32\drivers\etc. Buɗe Notepad da ikon admin sannan ka buɗe shi daga ciki. A lafiyayyen Windows kusan duk layukan da alamar # suke farawa. Idan ka ga layi mai ɗauke da google, mozilla ko microsoft kusa da 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, an toshe hanyar ne da gangan. Manhajojin da aka fasa don a yi amfani da su ba biya su suka fi yin haka. Goge waɗannan layukan kaɗai ka adana.

Sai antibairos. Chrome tana buƙatar kai wa ga tools.google.com da dl.google.com. Kwamfutocin shago da yawa na ɗauke da antibairos biyu ko uku, ɗaya lasisinsa ya ƙare tun bara amma katangarsa tana nan tana tare hanya. Cire wanda ya mutu gaba ɗaya. Windows 10 da 11 suna da nasu mai suna Defender, wanda ke tashi da kansa da zarar babu wani. Idan kana zargin mai ran ne, dakatar da shi na minti goma ka gwada, kada ka shiga ko'ina a wannan tsakanin, ka mayar da shi nan take.

Gwaji mafi sauƙi da ke raba gardama: haɗa kwamfutar da layin wani kamfanin daban. In ta sabunta, laifin hanya ne, ba na kwamfuta ba. Unguwannin Jos da ke tsakanin duwatsu sun san yadda sabis ke yi, layin da ke gudu a Farin Gada yana iya rarrafe a wani lungu na Unguwar Rogo.

Wuri a ma'adana

Buɗe "This PC" ka kalli C. Idan sandar ta yi ja, ga amsarka. Sabuntawa tana cin wuri fiye da girmanta, domin ƙunshin da aka sauke, da wanda aka warware, da tsohuwar siga duk suna zaune tare kafin a gama. Ka samar da aƙalla gigabait 2. Ƙananan laftof masu ma'adanar gigabait 32 da ake saya wa ɗalibai kusan kullum a nan suke faɗuwa. Danna Windows da R, rubuta %temp%, zaɓi komai ka goge, wanda ya ƙi ka tsallake shi. Sannan rubuta cleanmgr, danna "Clean up system files", ka yi alama a kan "Windows Update Cleanup". Idan akwai "Previous Windows installation(s)" zai ba ka wuri mai yawa, sai dai goge shi yana nufin ba komawa tsohon Windows. Finafinan da ke Downloads kuma a mayar da su filash.

Ta sauke, amma ta ƙi canzawa

Wannan shi ne zango na huɗu. Chrome tana cewa saura kaɗan, ka sake buɗe ta, ka buɗe, lambar siga tana nan yadda take. Leƙa C:\Program Files\Google\Chrome\Application, a tsofaffin girki kuma "Program Files (x86)". Idan ka ga foldoji biyu masu lambobin siga, da fayil mai suna new_chrome.exe kusa da chrome.exe, to komai ya iso, musanya ce kawai ta gagara domin wani abu yana riƙe da tsohon.

Rufe tagar Chrome ba ya nufin ta mutu. Danna Ctrl da Shift da Esc, shiga "Details", ka kashe duk chrome.exe da ka gani. A chrome://settings/system kashe zaɓin ci gaba da aiki a bayan fage bayan an rufe. Idan mutum biyu ke amfani da kwamfutar da asusu daban-daban, ɗayan ma sai ya fita gaba ɗaya, domin burauzarsa tana iya kasancewa a buɗe a can. Daga nan ka zaɓi "Restart", ba "Shut down" ba. Bambancin ba na suna ba ne: saboda tsarin saurin tashi na Windows 10 da 11, "Shut down" yana adana wani ɓangare na halin da injin ke ciki ya dawo da shi, "Restart" ne ke farawa daga sifili.

Ma'aikatan da aka kashe

Lamba 4 da 10 nan suke nuni. Wasu masu girka Windows suna kashe duk wani abu mai suna "update" don abokin ciniki kada ya dawo yana kukan data, wasu kuma suna ɗora Windows da aka rage wa kaya, wanda aka cire masa sassan da sabuntawa ke dogaro da su. Danna Windows da R, rubuta services.msc. Nemo na Google: a tsohon tsari gupdate da gupdatem, a sabo kuma sunaye biyu masu farawa da GoogleUpdater. Na Edge su ne edgeupdate da edgeupdatem, na Firefox "Mozilla Maintenance Service". Ba dole ka gan su suna gudu ba, tashi suke su yi aiki su kwanta. Abin dubawa shi ne kada a ga "Disabled" a gabansu. In an gani, danna sau biyu ka mayar da shi "Automatic", ko "Manual" ga gupdatem da edgeupdatem da na Mozilla. Haka za ka duba "Background Intelligent Transfer Service", wanda shi ne ɗan dakon da ke sauke kaya a bayan fage, da "Cryptographic Services" mai tantance sa hannun kamfani.

Idan sunayen Google babu su kwata-kwata, an goge 'yar manhajar sabuntawar ce, kuma sai cikakken girki zai dawo da ita. Idan kuma Windows ɗin kansa ne ya ji rauni, abin da ke yawan biyo bayan ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, buɗe cmd da ikon admin ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Na farkon yana cin data kuma yakan yi kamar ya tsaya na tsawon lokaci, ka ƙyale shi. Kada ka fara shi da damina hadari ya haɗo, a kan kwamfutar tebur da ba ta da UPS.

"Mai gudanarwa ya hana"

Wani lokaci saƙon yakan ce admin ya kashe sabuntawa, ko ka ga rubutun cewa wata ƙungiya ce ke kula da burauzarka, alhali kwamfutar taka ce ta gida. Idan ta ofis ce, tsaya nan ka kira ma'aikatan sashen kwamfuta, da gangan suka yi. In taka ce, buɗe chrome://policy, ko edge://policy, ko about:policies a Firefox, ka ga dokokin da aka ɗora. Dokokin sukan fito daga wurare uku: kamfanin waje da ya yi amfani da laftof ɗin kafin a kawo ta, mai gyaran da ya taɓa ta, ko muguwar manhaja da ke son ta zauna daram.

Danna Windows da R, rubuta regedit, don buɗe rajistar Windows inda saitunan tsarin ke zaune. Kafin ka taɓa komai danna "File", "Export", ka adana kwafi, domin kuskure a rajistar Windows yana iya hana kwamfuta tashi. Je HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Google\Update. Idan akwai UpdateDefault mai ƙimar 0, ma'anarsa an hana, mayar da shi 1 ko ka goge shi. Na Edge yana Policies\Microsoft\EdgeUpdate. A Firefox dokar sunanta DisableAppUpdate, tana Policies\Mozilla\Firefox, ko a fayil ɗin policies.json cikin foldar "distribution" inda aka girka Firefox. Idan ka goge ta dawo bayan sake kunnawa, akwai abin da ke mayar da ita, sai ka yi cikakken bincike da Defender, musamman wanda ake kira "Offline scan".

Masu kafe a kewayen jami'a a titin Bauchi suna da tasu matsalar daban. Idan akwai Deep Freeze, manhajar da ke daskarar da kwamfuta a kan yadda aka saita ta, a kan injin, duk abin da aka canza yana gogewa da an sake kunnawa, har da sabuntawa, don haka kullum sai ta sauke, kullum ta ɓace, data tana ƙonewa a banza. Danna Ctrl, Alt, Shift da F6, shigar da kalmar sirri, zaɓi "Boot Thawed", sake kunnawa, sabunta, sannan ka mayar da shi daskararre.

Cikakken girki a kan tsohuwa

Idan duk wannan bai yi ba, ba cirewa ce ta gaba ba, ɗorawa ce a kai. Fayil ɗin da maɓallin saukewa na yau da kullum ke ba ka, ChromeSetup.exe, ɗan aike ne kawai, sai an buɗe shi yake fara jawo ainihin manhajar, kuma da layi ya yi tangal-tangal sai ya faɗi. Nemi cikakken ƙunshi a google.com/chrome/?standalone=1, wanda ya haura megabait 100. Na Firefox yana mozilla.org/firefox/all, inda za ka zaɓi Windows 64-bit ko 32-bit. In ba ka san naka ba, duba Settings, "System", "About". Amfanin cikakken ƙunshi shi ne ana iya sauke shi da datar dare, ko a wata kwamfutar, a ɗora a filash a zagaya injuna goma da shi.

Kafin ka buɗe, danna ɓangaren dama na maus a kansa, "Properties", "Digital Signatures". Dole ka ga Google LLC ko Mozilla Corporation. In babu wannan shafin, ko sunan wani ne, goge shi. Wannan ya zama dole saboda akwai shafukan da ke fito da sanarwar ƙarya mai tambarin Chrome cewa burauzarka ta tsufa, danna nan. Wasu har suna cewa ka danna Windows da R ka liƙa wani rubutu don "gyara". Burauza ba ta taɓa neman sabuntawa daga cikin shafin wani, daga menu nata take yi.

Rufe burauzar gaba ɗaya, danna dama a kan fayil ɗin, "Run as administrator". Zai ɗora sabuwar a kan tsohuwar ya gyara 'yar manhajar sabuntawa, kayanka kuma ba abin da zai taɓa su. Idan ya ce wani girkin yana gudana, wanda a wani nau'in ƙunshin girki mai suna MSI lambarsa 1618, Windows Update ne ke aiki a ɓoye, ka jira ya gama ko ka sake kunnawa. Mai sabon Windows yana iya gwada winget upgrade Google.Chrome ko winget upgrade Mozilla.Firefox a cmd, hanya ce daban da takan wuce inda ta farko ta maƙale.

Sai in wannan ma ya ƙi ne za a cire. Lokacin cire Chrome wani akwati zai tambaya ko a goge bayanan burauzin ɗinka, kada ka yi masa alama. Bayan cirewa goge foldar Chrome da ta rage a "Program Files", ba ta "User Data" ba, sake kunnawa, ka girka da cikakken ƙunshin. Edge ba a cire ta ta hanyar da aka saba: je Settings, "Apps", nemo Microsoft Edge, danna "Modify", sannan "Repair", za ta sake sauke kanta ba tare da ta taɓa kayanka ba.

Firefox tana da wata 'yar dabara kafin a kai ga nan. Idan saukewa ta karye a tsakiya, guntun fayil ɗin yakan zauna ya hana na gaba. Buɗe about:support, nemo layin "Update Folder", danna buɗe folda, rufe Firefox, ka goge foldar "updates" da fayilolin active-update.xml da updates.xml, za ta sake ƙirƙirar su. Wanda kuma ya ga ƙarin manhajojinsa na Firefox, wato "add-ons", sun mutu gaba ɗaya a tsohuwar siga, dalilin sananne ne: wata takardar shaida ta tushe ta ƙare ranar 14 ga Maris 2025, kuma duk sigar da ba ta kai 128 ba, ko 115.13 a layin ESR, abin ya shafe ta.

A kan Mac abin da ya fi yawa shi ne ana buɗe burauzar daga cikin ƙunshin da aka sauke, ba a ja ta zuwa "Applications" ba, a can kuwa ba ta da ikon rubuta kanta. Tsufan tsarin ma yana nan: Chrome 116 ce ta ƙarshe a macOS 10.13 da 10.14, 128 a 10.15, 138 kuma a macOS 11.

A waya

A Android ta Play Store Chrome ke sabuntawa. Idan ta tsaya a "Pending" ba motsi, shiga saitin Play Store, "Network preferences", ka mayar da zaɓin saukewa zuwa kowane irin layi, domin da yawa an saita su jiran waifai ne. Dakatar da sauran manhajojin da ke kan layi a gabanta. Duba wuri, wayoyin itel da Tecno masu gigabait 16 ko 32 bidiyoyin WhatsApp ne ke cinye su, ka samar da aƙalla gigabait 1. In har yanzu shiru, je Settings, "Apps", Google Play Store, "Storage", ka goge tarkacen ajiya, in bai yi ba ka goge bayanan manhajar gaba ɗaya, ba zai cire maka komai daga wayar ba. A jerin manhajojin tsarin waya tabbatar ba a kashe "Download Manager" ba. Sabunta "Android System WebView" ma, domin da shi manhajoji da yawa ke nuna shafukan intanet a cikinsu.

Idan Play Store ba ya nuna sabuntawa sam, duba sigar Android a "About phone". Chrome 119 ce ta ƙarshe a Android 7, 138 kuma a Android 8 da 9, daga 139 sai Android 10 zuwa sama. Fayil ɗin APK, wato ƙunshin girka manhaja a Android, na sabuwar siga da aka turo maka ta Xender ba zai shiga irin wannan wayar ba, wanda ya shiga kuma ba ka san wanda ya taɓa shi ba. Firefox ta ci gaba da karɓar Android 8 da 9 bayan Chrome ta daina, don haka mai irin wannan wayar ya duba ta a Play Store, ya mayar da harkar banki da biyan kuɗi can.